Cajin Minti Ashirin

"Nawa ya ce miki yau kuma?"

Baba Siman ko ɗago kai bai yi ba daga littafin waƙoƙin cocin da yake liƙe wa bango da gam. Klaudiya tana tsaye a ƙofar falo, jakar littattafan ɗalibanta a kafaɗa, lemarta na ɗigar ruwa a kan siminti.

"Baba, ai farashin bai fito ba tukuna. Kamfanin bai sanar ba."

"Bai fito ba? To miliyan ɗari da hamsin ɗin da kika faɗa min wancan watan daga ina ya fito? Mamanki kuma ta jiyo ɗari da tamanin a bakin yayarsa a Zumuntar Mata. Mota ɗaya ce, ko haihuwa take yi a hanya?"

"Dala ce ke hawa, Baba. Ga kuɗin kwastam."

"Uhm. Dala."

Duk unguwar Kabong an san wannan "uhm" na Baba Siman. Tsohon hedimasta ne, dattijon coci kuma, mutumin da ko doya zai saya sai ya sa farce ya ɓantare ta ya ga cikinta. Gidan irin wannan mutum Pam ya zo neman aure da motar da ba wanda ya taɓa gani.

Da can Pam dillalin motocin tokumbo ne, wato na hannu, a Kwararafa, shi da abokinsa Abdulmalik, kuma yana samun rufin asiri. Kwatsam ya fara zirga-zirgar Legas, ya dawo da labarin wata jif ta alfarma mai aiki da lantarki, wadda za ta shigo ƙasar kafin Kirsimeti, shi ne kuma zai zama wakilin masu kawo ta a Jos. Ya sayar da rabonsa na garejin, ya kama shago, ya kafa ƙaton allo mai hoton motar, an rubuta a ƙasa: MINTI ASHIRIN TA CIKA. Ranar da Baba ya ga allon nan ya janye hannunsa daga maganar aure.

"Wayarki ma a makaranta kike cajinta," in ji Baba, yana danna bangon littafin da babban yatsa. "Firjin gidan nan ya koma kwabar ajiye tukwane. A wannan garin zai sayar wa mutane motar da ke cin wuta? Ni ban ce ɓarawo ne ba. Na ce ban gane ba, kuma ba na ba da 'yata ga abin da ban gane ba."

"Baba, ku saurare shi sau ɗaya tak. Don Allah."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta.

"Ya zo ranar Lahadi bayan sujada. In na gamsu, na ba shi ke. In ban gamsu ba, iyayen Dantong sun gaji da jira, ni ma na gaji da ba su haƙuri. Ba zan ɗaure ki in kai ki ba, ke ba yarinya ba ce. Amma auren Pam ba da hannuna ba."

Dantong likitan dabbobi ne, yana aikin gwamnati, ya gama gidansa a Naraguta har ya shuka kabeji a bayansa. Ba ya surutu, ba ya ƙarya, ba ya kuma sa zuciyar Klaudiya ko motsi. Buhun dankalin da ya aiko yana nan jingine a kusurwar falo, Baba ya hana a kai shi sito, don ya riƙa tuna mata cewa maganar Dantong na nan.

A kicin ta tarar da Mama Ana tana tuƙa gwate, faten mutanen Jos. Klaudiya na zama a kan turmi hawaye suka ɓalle mata.

"Ki yi kukanki, amma ki ji ni," in ji Mama. "Duk sa'anninki sun yi aure. In na shiga Zumuntar Mata sai an tambaye ni, yaya Malama, yaya motar? Har da ke suke dariya, Klaudiya. Ni na haife ki, ni abin ke wa ciwo."

"Mama, ba ku san shi ba ne. Pam bai taɓa yi min ƙarya ba."

"Bai taɓa ba, ko ba ki taɓa kama shi ba?"

"Na rantse, Mama, in kuka raba ni da shi ban san yadda zan yi ba. Ina son shi. Na yi ƙoƙarin in so Dantong saboda ku, na kasa."

Mama ta share ido da gefen zani, ta yi tsaki mai haɗe da dariya.

"Ki rasa wa za ki so sai yaron da har uwarsa 'ya' ce a bakinsa."

Klaudiya ta yi murmushi cikin hawaye, don nan ne tushen labarin. Mama Ana 'yar Wusasa ce, a Zariya Baba ya aure ta lokacin yana koyarwa a can, saboda haka Hausar gidansu ba ta da gargada, Klaudiya ma Hausar take koyarwa a sakandare. Shi kuwa Pam a titi ya tsinci tasa, irin ta mutanen Jos da yawa, wadda ba ruwanta da mace da namiji. Mota ya lalace, akuya ya haihu, Mama ya tafi kasuwa. Ranar da suka haɗu a wani biki, abin da ya fara ce mata shi ne, "Kai, yarinya, ka na da kyau."

Ta ce masa ita ba namiji ba ce, ta juya abinta.

Bai yi fushi ba, sai ya dage da koyo. A hankali "ka" ya koma "ki", "shi" ya koma "ita", amma a kanta ita kaɗai. Yayarsa har gobe "ya" ce. Da ta tambaye shi dalili, sai ya sosa kai ya ce, "Wannan 'ta' ɗin akwai wuya. Sai na tsaya na yi tunanin mutum sosai kafin ya fito. Kuma mutum ɗaya ne kawai na ke tunani haka."

Wasu samarin agogo suke bayarwa, wasu waya. Abin da Pam ya ba ta ke nan, kuma ba ta taɓa jin an fi ta ba.

Washegari da aka tashi daga makaranta ta tari keke zuwa Kwararafa don ta kai masa saƙon Baba. Shagon ba kowa sai kujeru biyu da hoton motar a bango, baƙa wuluk, tana sheƙi. Ta ɗaga labulen ɗakin ciki za ta yi sallama, sai ta jiyo shi yana waya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Abdul, ka bari kawai. Tun da na gan ta a Legas ban dawo daidai ba... Minti ashirin fa kawai, amma ta shiga kai na... E, na sani tana da tsada, na sani... Tana zuwa kafin Kirsimeti. Ni dai ba zan bari wani ya riga ni ba."

Ita dai ko hanyar Legas ba ta sani ba.

Ta saki labulen, ta koma bakin ƙofa, ta yi gyaran murya kamar yanzu ta iso. Pam ya fito da sauri yana tura wayar a aljihu.

"Malama ta! Yaushe kika zo?"

"Yanzu."

"Yanzu-yanzu?"

"Me ya sa kake tambaya?"

"Ba komai. Ki zauna mana."

Ba ta zauna ba. Ta faɗa masa maganar Lahadi, ya yi tsalle har da tafi, ya ce zai zo da hujja cike da baki. Tana kallon fuskarsa tana neman wani abu, ba ta san mene ne ba. Wani sabon turare yake yi wanda ba ita ta saya masa ba. Ta buɗe baki za ta tambaya, tsoron amsar ya hana ta.

Daga nan shagon Fibi ta wuce, 'yar ƙanwar Baba, mai ɗinki a bayan layin. Tana shiga ta faɗa kan tulin yadi ta fashe da kuka. Da ƙyar Fibi ta tattaro labarin daga bakinta, tana gama ji kuwa ta kwashe da dariya har keken ɗinki na girgiza.

"Haba Sista! Abeg, tashi ki share fuska. Mota ce!"

"Wace mota?"

"Wace mota kuma? Ki leƙa waje ki karanta allonsa. Minti ashirin, ba shi ne cajin ba? Tsada, mota. Legas, mota. Kirsimeti, mota. Duk Kwararafa mun gaji da jin labarin motar nan, sai ke ce za ki zo kina kishi da ƙarfe?"

"Fibi, 'ta' fa ya ce. Na gan ta. Tana zuwa."

"To mota namiji ce? Ke ce fa malamar Hausa! Kin koya wa mutum abu, ya iya, kin dawo kina kuka. Wannan wahalar taki ta yi yawa."

"Turaren fa?"

"Mai sayar da motar miliyoyi zai riƙa warin baƙin mai ne? Sista, ga Baba ya buɗe ƙofa da ƙyar, kar ki rufe ta da hannunki. In kin fi son Dokta Dantong da shanunsa ki faɗa, kar ki laƙa wa Pam laifi."

Klaudiya ta yi dariya ita ma, ta ji kunyar kanta. Lallai maganar Fibi a kan hanya take, kowace kalma ta zauna daidai a kan motar. Ta koma gida da sauƙin zuciya, har ta taya Mama tsince acca.

Sai dai zargi in ya shiga rai ba ya fita da dariya ɗaya. Ranar Lahadi ana wa'azi, ita tana can tana juya kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Kafin a yi addu'ar rufewa ta yanke shawara: ba za ta tambaye shi komai ba. Yau zai yi ta maganar motar a gaban Baba, ita kuma za ta kasa kunne. In ta ji ya ce wa motar "ta" ko da sau ɗaya ne, shi ke nan, ta nemi gafarar Allah.

Da la'asar aka tsuge da ruwa, har da 'yar ƙanƙara tana buga kwano. Pam ya iso rigarsa a jiƙe, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Mama, ina wuni. Mama na ya ce in gaishe ku sosai."

Mama Ana ta kau da kai tana danne dariya. Baba ya nuna masa kujera, daidai kusa da buhun dankalin Dantong. Klaudiya ta ajiye kwanon gwate a gabansa ta koma gefen Mama ta zauna, hannayenta a matse cikin cinya.

"Ba zan ja ka da nisa ba," in ji Baba. "Nawa ne kuɗin motar?"

Pam ya gyara zama.

"Baba, gaskiya ban sani ba. A ƙasar da su ke ƙera shi sun ce wajen dala dubu tamanin. Kafin ya hau jirgi, ya sauka Legas, ya biya kwastam, ya hawo Filato, zai iya kai miliyan ɗari biyu. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya yau, ƙarya ya ke yi. Ni ma da na ba da lamba a baya, zumuɗi ne ya ja ni."

Ƙera shi. Ya hau. Ya sauka. Klaudiya ta ƙara matse hannayenta.

"Wa zai saya a garin nan?"

"Ba su da yawa, Baba. Amma masu otal da masu haƙar ma'adinai su na kona mai kamar ruwa. In na sayar da kaɗan a shekara, ya ishe ni da iyali."

"Uhm. Minti ashirin ɗin fa? Ni da na yi hedimasta, fitilata ma ba ta cika a minti ashirin."

"Shi ma akwai magana a ciki, Baba. Ba daga babu zuwa cikawa ba ne. Daga kashi goma ne zuwa tamanin, daga nan ya ke rage sauri don kar batir ya lalace. Kuma sai da babban caja, irin wanda ya ke jan wutan unguwa guda. In a soket na gida ne, zai wuni ya kwana bai cika ba. Ko sanyin Jos da safe zai sa ya yi nawa."

"To me ya sa ka rubuta wa mutane minti ashirin a allo?"

"Haka kamfani su ka aiko. Gobe zan sa a ƙara bayani a ƙasa."

"Ina babbar cajar taka?"

"Na kama fili a hanyan Naraguta, zan sa sola da batura. Kafin motan ya zo, masu keke na lantarki da masu shago za su riƙa caji a wurin. Ko motan ya makara, ba zan zauna haka ba. Klaudiya ta ga filin, ta san ba wasa na ke yi ba."

Ta ga. Ta san. Ga "ta" nan lafiya lau a bakinsa, bai manta da ita ba. Motar ce dai bai ba ta ko sau ɗaya ba.

Klaudiya ta ƙura masa ido. A ranta roƙonsa take yi, Pam ka ce tana da kyau, ka ce tana gudu, ka ce komai. Shi kuwa ya samu bakin magana, sai zuba yake yi: yana da kujeru masu ɗumama baya, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, in ya hau dutse kamar a kwance ya ke tafiya.

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Fuskarsa ta fara sakewa, abin da ba a saba gani ba.

"Tambaya ta ƙarshe. Ka dube ni da kyau. Kai da kake ta zuwa Legas, ka taɓa ganin motar nan da idonka?"

Pam ya dube shi. Ruwan ya ɗan tsagaita, ana jin ɗigarsa cikin bokitin da aka tara a tsakar gida.

"A'a, Baba. Ko ɗaya bai shigo Najeriya ba tukuna. A Legas ofis kawai na ke zuwa. A bidiyo na gan shi, kamar kowa."

Baba ya bugi gwiwarsa.

"Madalla! Amsar da nake jira ke nan. Na riga na kira wani tsohon ɗalibina da ke aiki a tashar jirgin ruwa, ya ce min ba su ga irinta ba. Da ka ce min ka gan ta, da ko gwaten nan ba za ka ƙarasa ba." Ya juya wajen matarsa. "Ana, yaron nan ganganci gare shi, amma ba maƙaryaci ba ne. A kai buhun can sito, ni zan je in ba iyayen Dantong haƙuri da kaina."

Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, hawaye na bin kumatunta. Pam ya zube ƙasa yana ta na gode, na gode. Abin da Klaudiya ta yi ta kuka a kansa, ta yi azumi, ta sha gori a coci da makaranta, ga shi Baba ya miƙo mata da hannunsa.

Ita kuwa ta sunkuyar da kai.

"Klaudiya," in ji Baba, "ke muke jira. Ki faɗa a gabana da gaban uwarki, kin amince?"

Ta ɗago. Ba Baba ta kalla ba.

"Pam, wa ka gani a Legas?"

Murmushin fuskarsa ya tsaya cak.

"Kamar yaya?"

"Ranar da na zo shago kana waya da Abdulmalik. Ka ce tun da ka gan ta a Legas ba ka dawo daidai ba. Ka ce minti ashirin kawai, ta shiga kanka. Ka ce tana zuwa kafin Kirsimeti."

"Ai... ai motan ne! Motar ce, ita ce, tana..."

"Yanzu ka gaya wa Baba ba ka taɓa ganinta ba."

"Klaudiya, mene ne haka?" in ji Mama, ta riƙo hannunta.

"Mama, ki bar ni." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Tun da ya zauna a kujerar nan nake saurarensa. Ya hau jirgi, ya sauka, bai cika ba, na gan shi. Ko sau ɗaya bai ce wa motar nan 'ta' ba. Ki tuna, Mama, ke da kanki kike masa dariya. Uwar da ta haife shi ma ba ta samu ba. Ya ce min sai ya tsaya ya yi tunanin mutum sosai kafin ya fito, ya ce mutum ɗaya ce a duniya yake tunani haka." Ta juya wajen Pam. "Na yarda, Pam. Na tsaya a gaban iyayena na rantse ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Na wulaƙanta mutumin da bai yi min komai ba saboda kai. Ban tambaye ka mota ba, ban tambaye ka gida ba. Abu ɗaya ka ba ni, shi ma ashe ka kai wa wata."

Baba ya cire tabarau a hankali ya ajiye a kan littafin waƙoƙi. Wannan karon ko "uhm" bai ce ba.

"Wace ce ita?" ta sake tambaya. "'Yar masu kamfanin ce? Ita ce mai tsadar?"

Pam ya dubi Baba, ya dubi Mama, ya dubi ƙofa. Gumi ya keto masa duk da sanyin da ake yi. Ya rarrafo kan gwiwoyinsa ya miƙo mata hannu biyu.

"Klaudiya, don Allah ka tsaya. Ka saurare ni, zan gaya maka komai."

Mama Ana ta dafe ƙirji.

Klaudiya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Shi bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba.

"Ka," ta maimaita a hankali. Ta miƙe ta ɗauke kwanon gwaten daga gabansa. "Baba, a bar buhun nan inda yake tukuna."